Furar Kokawa da Wutsiyar Nomau

Ga ta nan, ga ta nanku, masu ɗumin wuta.

Ta zo mu ji ta, Iya!

Yauwa, yanzu kuka amsa. Ku gyara zama, mai gyangyaɗi ya tashi ya ba wani wuri, don ni ba na maimaita magana.

A wani garin dabbobi da ake kira Tudun Gawo akwai wani kurege, sunansa Nomau. Sunan kawai ya ci, don tun da aka haife shi bai taɓa riƙe fartanya ba. Abu biyu Allah ya ba shi, wayo da wutsiya. Wutsiyar nan kuwa, ku bari! Buzu-buzu, sai sheƙi take. Kullum da safe sai ya zauna a bakin raminsa yana taje ta, yana juya ta, yana gaishe da masu tafiya gona.

To, garin yana da wata al'ada. Duk shekara in an gama girbi, sai su yi kokawa da mutanen Gangaren Kuka, kowane gari ya fitar da gwani ɗaya. Tun gero ya fara fitar da kai har ranar kokawa, gari ne ke ciyar da gwaninsa. Wannan gida fura da nono, wancan gida tuwo da man shanu, na gaba gyaɗa soyayya. Amma da sharaɗi. In aka kayar da gwani tun makaɗi bai gama yi masa kirari ba, an san ya ci abincin gari a banza, sai a aske masa wutsiya tas a tsakiyar dandali. In ya wuce kirari kuwa, ko an kayar da shi babu laifi.

A shekarar nan gwanin garin, wani rago mai manyan ƙaho, sunansa Baba Shekarau, ya tsufa, gwiwoyi sun ƙi. Mai gari ya yi shela ana neman magaji. Duk cikin shelar, kalma ɗaya ce ta shiga kunnen Nomau: fura.

Ya ruga wurin tsohon. "Baba, ga ni na zo."

Baba Shekarau ya dube shi sama da ƙasa. "Kai, Nomau? Da waɗannan hannuwa kamar tsinken tsintsiya?"

"Baba, ƙarfin a ciki yake, ba na son nunawa ne."

"To, Allah ya sa. Ka saurara, yaro. Jiki ba ya son gaggawa. Kullum da sassafe ka gangara rafi. Ka fara zagayawa a hankali har jini ya ɗumama, ka mimmiƙe gaɓoɓinka. Sannan ka yi ɗan gudu cikin yashi, ka tsaya ka numfasa, ka sake. Ka ɗauki ƙaramin dutse, sai ranar da ka daina jin nauyinsa ka koma na gaba da shi. Ka ci, ka sha ruwa, ka yi barci, don a cikin hutu jiki ke ginuwa. Ni gwiwata ba za ta kai ni rafi ba, amana ce na ba ka."

Nomau ya ce, "Na ji, Baba." Wallahi abin da ya ji shi ne ka ci, ka yi barci.

Gari ya waye, Nomau ya je rafi. Ya yayyafa ruwa a goshi, ya birgima cikin yashi, ya dawo yana haki.

"Nomau, ya motsa jiki?"

"Baba, da ƙyar na sha!"

Baba ya ce, "Uhm." Aka kawo fura, Nomau ya shanye.

Gari ya sake wayewa. Ya yayyafa ruwa a goshi, ya birgima cikin yashi, ya dawo yana haki.

"Nomau, ya motsa jiki?"

"Baba, da ƙyar na sha!"

Baba ya ce, "Uhm." Aka kawo tuwo, Nomau ya lashe akushi.

Haka gero ya nuna, haka aka yanke, haka aka ɗaure dammuna. Nomau ya yi tumbi, kumatu suka cika, mata suna cewa, "Tubarkalla, gwaninmu yana ƙara ƙarfi."

Ana nan sai kurciya ta dawo daga Gangaren Kuka da labari. Ta ce gwaninsu bana wani burgu ne, Barau, wanda ke ɗaga turmi da hannu ɗaya yana hira. Da jin haka Nomau ya sulale ya bar wurin. Yana hanyar gida sai ya tarar da hankaka, wanzamin gari, yana wasa aska a kan dutse.

Hankaka ya ce, "Allah ya ba gwani sa'a," amma idonsa na kan wutsiyar.

Ai kuwa Nomau bai tsaya ba, sai rafi. Ya ce aikin da bai yi ba tun damina, yau zai gama shi. Ba zagaye, ba miƙa, ya sungumi dutsen da ya fi kowane girma. Ya yi gudu cikin yashi, ya hau tudu, ya sauko, ya sake hawa, tun hantsi har rana ta yi ja. Ya koma gida yana cewa, "Shi ke nan, na rama."

Da safe, wayyo Nomau! Jiki ya yi tsami tun daga wuya har farce. Ya nemi tashi, cinyoyi suka ce ba su san zance ba. Ya miƙa hannu zai ɗauki mataji, hannu ya ƙi. Sai ya dubi wutsiyarsa ya fashe da kuka. Ni kaina tausayinsa nake ji, don ba mugu ba ne, kwaɗayi ne kawai da son jiki.

Baba Shekarau ya ɗingiso ya zo da ruwan zafi, ya zauna yana gasa masa jiki, yana mulmula masa man shanu.

Nomau ya ce, "Baba, ban taɓa yin gudun nan ba sai jiya."

"Na sani, yaro. Tun da nake ban ga mai zufa da ganyen kainuwa a kunne ba. Na yi shiru ne ko kunya za ta kama ka. Abin da ake sa wa jiki kaɗan-kaɗan wata da watanni, kai ka ɗura masa a yini ɗaya, ina zai kai shi?"

Nomau ya share hawaye. Can sai ya ce, "Baba, wannan tsamin jiki, ragwaye kaɗai yake kamawa?"

"Ina! Ko gwani ne, in ya yi aikin da jikinsa bai saba ba, ya wuce kima, gobe zai ji a jikinsa."

Sai kunnuwan Nomau suka miƙe.

Ranar jajiberen kokawa Barau ya iso, ƙirji kamar faifai. Nomau ya sa aka ɗauke shi tun da wuri aka ajiye a kan tabarma a gindin tudu. Ya zauna ƙyam, ba ya ko juya wuya, don ba zai iya ba. Barau ya ɗauka isa ce.

"Sannu da zuwa, Malam Barau. Ka gafarce ni ban tashi ba, yanzu na gama tsallen kwaɗo."

"Tsallen kwaɗo kuma?"

"Af, ba ku yi a garinku? Mu nan gwani ba ya shiga fili sai ya hau tudun nan da tsallen kwaɗo, da dutsen niƙa a ka. Amma kai baƙo ne, kada ka wahalar da kanka. Ba kowa ke iyawa ba."

Barau ya hura hanci. "Ina dutsen?"

Ya ɗora dutse a ka, ya tsuguna, ya yi ta tsalle har ƙololuwa, ya sauko. Ƙarfi kam akwai, amma ƙarfin ɗaga turmi ne, cinyoyinsa ba su taɓa ganin irin wannan ba.

Nomau ya ce, "Madalla! Ni a daidai nan nake fara jin daɗin abin."

Barau ya koma. Ya sauko.

"Kai, huta haka nan, na ga kana haki."

"Wa ke haki?" Barau ya koma. Haka suka yi har kaji suka shiga akurki.

Kashegari dandali ya cika maƙil. Biri makaɗi ya saɓa kalangu, hankaka ya samu wuri a gaba ya ajiye zabirarsa. Nomau ya fito, ƙafafu a wawware, yana taku ɗaya-ɗaya. Jama'a suka ce, "Ji taƙama!" Barau ya fito daga can, shi ma ƙafafu a wawware, yana cije baki. Jama'a suka ce, "Kai, yau akwai kallo!"

Suka haɗu a tsakiya. Ba mai iya sunkuyawa, ba mai iya sa ƙafa. Sai kowa ya jingina da ɗan'uwansa, suka tsaya cak.

Barau ya raɗa masa a kunne, "Kurege, ka cuce ni."

"Yi haƙuri, yaya, wutsiyata ce a kan aska. Riƙe ni kada mu faɗi."

"In na tura ka fa?"

"In ka tura ni, wa zai riƙe ka?"

Barau ya yi tunani, ya ƙara ƙanƙame shi.

Biri kuwa, don ƙaunar Nomau, ya ga yau ce ranar da zai yi masa dogon kirari. Ya yabi Nomau, ya yabi ubansa, ya koma kan kakansa mai haƙa rami. Cinyoyin Nomau suna rawa, yana cewa a ransa, "Biri, don Allah ka taƙaita, danginmu ba su yi komai ba!" Biri ya gangara kan kakannin uwa. Jama'a suna ihu, "Ƙarfi ya zo ɗaya! Ko motsi ba su yi!" Ƙuda ya sauka a hancin Barau, Nomau ya hure shi da sauri kada atishawa ta rushe su. Hankaka ya buɗe zabira, ya fiddo aska.

Sai kalangu ya yi tim, kirari ya ƙare. A daidai nan su biyun suka zube tare, rim, kafaɗa da kafaɗa. Aka ce kunnen doki! Hankaka ya yi tsaki ya mayar da askarsa. Nomau, yana kwance, ya jawo wutsiyarsa ya rungume.

Mai gari ya miƙe ya ce tun da yake bai ga kokawa irin wannan ba, saboda haka baɗi ma Nomau ne gwani. Barau, ana ɗauke da shi a kan asabari, ya waiwayo ya ce, "Sai baɗi, ƙane. Daga yau tsallen kwaɗo zan riƙa yi, kaɗan-kaɗan."

Nomau ya dubi Baba Shekarau, ido ya raina fata.

Baba ya ce, "Kwantar da hankalinka, yaro, shekara tana da tsawo. In jiki ya saki sai mu fara, da ƙaramin dutse. Amma wannan karon ƙwaryar fura a hannuna take, kuma ko da rarrafe zan zo rafin nan."

Haka kuwa aka yi. Ludayi ɗaya bai shiga bakin Nomau ba sai da zufa ta gaskiya. Shi ya sa har yau in kun ga kurege a gona, sai ya yi ɗan gudu, ya tsaya ya numfasa, ya miƙe tsaye a kan ƙafa biyu yana waige-waige. Aikin Baba Shekarau yake yi, yana kuma duba ko ƙwaryar ta iso.

Ƙurunƙus kan burgu mai tsamin cinya! Duk wanda zai yi ƙaryar zufa a cikinku, ya tuna ya cire kainuwa daga kunne. Ku tashi ku miƙe ƙafa, kun zauna kamar an dasa ku.