Soron Kura Mai Rufin Gwanda

Ga ta nan tafe gare ku!
Ta iso mu sha labari!

Zaki ya ba Kura aikin gina soro. Don sauri, maimakon azarar giginya sai ta jera itacen gwanda.

Gara mai kwaɓa ƙasa ta ce, "Ranki ya daɗe, wannan ai tuwonmu ne, 'ya'yana kuwa ba kawaici."

Kura ta ce, "Lebura ba ya magana a wurin aikina!"

Gara ta rufe baki, 'ya'yanta suka buɗe nasu.

Ranar nuna aiki, Kura ta daki bango tana taƙama, rufi ya rufto mata a ƙugu. Ta ce, "Gara, me ya hana ki faɗa?"

Gara ta ce, "Ranki ya daɗe, lebura ce ni."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, na sauke!