Motar Da Baƙin Manta Ke Ƙaruwa

An yi wani mutum a Gaya, shekarar da aka koma tuƙin hannun dama. Ba zan faɗi sunansa ba, 'ya'yansa suna nan cikinmu. Allah ya ba shi babbar mota mai bodin katako, tana kwasar gyaɗar manoma daga Balan da Toranke zuwa Kano. Ƙanensa Bubayero ne direba.

Abin bai ishe shi ba. Ya kai motar Kano aka ƙara buɗe mata famfon da ke ba injin gas, don ta ja lodin mota biyu. Ta dawo tana gurnani, hayaƙi baƙi ƙirin, shi kuwa baki har kunne.

Sai wani abu ya bayyana. Motocin mutane suna shan baƙin mai, tasa kuwa in an zaro gejin auna mai sai a ga man ya ƙaru. Ya riƙa yawo da gejin nan a tasha yana nuna wa jama'a, wai albarka ce. Albarka! Ya 'yan uwa, wane inji ne yake haifar mai?

Akwai wani tsohon bakanike a garin, Ɗantani, wanda ya yi shekaru a ƙarƙashin motoci. Ya tsiyayi man a farin kwano, ya murza tsakanin yatsu, ya ji shi tsululu kamar ruwa. Ya shinshina, warin gas. Ya karkata kwanon a rana, ga burbushin ƙarfe yana ƙyalli.

Ya ce, "Alhaji, gas ne ke zuba cikin man, ƙarfe yana cin ƙarfe. A mayar da famfon yadda yake, a juye man nan. Kada ta ƙara ɗaukar kaya a haka."

Mutumin nan ya dubi tsohon a gaban mutane ya ce, "Hassada ce ke cinka. Kai ko keke ka taɓa mallaka?"

Bubayero ya roƙe shi a keɓe. Yayan ya ce in ba zai tuƙa ba ya ajiye makulli. Mai 'ya'ya biyar ina zai ajiye makulli?

Ranar kasuwa aka yi mata lodi har ya haura bodi. Ba su yi nisa da Balan ba injin ya ɗauki kuka da kansa, ya koma shan man da ke cikinsa. Bubayero ya ɗage ƙafa daga totur, ya zare makulli, injin bai mutu ba. Ya diro ya cire rigarsa zai toshe masa hanyar iska, injin ya fashe a fuskarsa. Wuta ta kama bodi, gyaɗar gida goma sha ɗaya ta ƙone ƙurmus. Bubayero ya kwana uku ya cika.

Mutumin bai mutu ba, kuma wallahi na fi jin haushin wannan. Ya sayar da gona, ya sayar da gida don biyan gyaɗar mutane. Matar ƙanensa, Gaji, ba ta sake amsa gaisuwarsa ba har ta bar duniya.

Ya 'yan uwa, wannan ba tsautsayi ba ne. An gaya masa, da rana tsaka, a gaban shaidu. Ya ƙi gaskiya ne kawai saboda ta fito daga bakin mai dattin riga. Wa kake rainawa yau wanda ya fi ka sanin abin da yake faɗa? Kuma ran wa ka ɗora a kan taurin kanka?

Allah ya kiyaye mu da girman kai, kada ya sa wani ya biya da ransa saboda mu. Amin.