Ladingo da Zoben Sarki

An ce wani sarki aka yi a zamanin da, mai yawan zargi. Ko tari bafade ya yi a gabansa, sai ya wuni yana tunanin wa ya yi wa ishara. Tsoron hari ya sa ya ƙudura sai ya ɗaga ganuwar birninsa. Waziri ya ba shi shawara kada a ce kama samari ake yi, a ce sarki yana aron hannu, don kalmar ta fi sanyi a kunne. Haka dogarai suka bi ƙauyuka gida-gida suna cewa sarki ya ari ɗa guda. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo bayanta, ko mutum ɗaya bai dawo ba. Allah ya raba uwa da irin wannan jira.

Ana nan sai magulmata suka kawo wa sarki labari cewa matan wani ƙauye sun fito da wata magana. In mace ta shiga gidan maƙwabciya neman turmi ko rariya, sai an tambaye ta aron mutane take so ko aron sarki, kuma sai ta ce na mutane kafin a miƙa mata. Hankalin sarki ya tashi, ya ce lalle wannan kalmar sirri ce ta masu shirin tawaye. Da aka bi diddigi, aka tarar maganar ta fito ne daga bakin wata dattijuwa mai suna Ladingo, wadda matan ƙauyen kan kai wa ƙara in rigima ta tashi kan kayan aro. Ɗanta Nomau, shi kaɗai Allah ya bar mata, yana cikin waɗanda aka tafi da su.

Aka kawo ta fada, ta durƙusa ta yi gaisuwa. Sarki ya tsare ta da ido, ya ce ta faɗi wanda ke bayanta. Ta ce babu kowa a bayanta sai gonar da ciyawa ta cinye. Sannan ta ce, "Ya sarki, Allah ya ja zamaninka, kafin ka ci gaba, ara mini zoben nan na hannunka."

Zoben kuwa da shi ake buga hatimin sarauta. Sarki ya rufe hannun da ɗayan, zuciyarsa na raya masa asiri take so ta yi masa. Ya tambaye ta me za ta yi da shi, ta ce buƙata ce ta taso. Ya tambaye ta yaushe za ta dawo da shi, ta ce in ta gama.

"In kuma na hana fa?"

"Da ina da dogarai, ya sarki, da zancen hani bai taso ba."

Sarki ya murtuke fuska, ya ce, "Tsohuwa, wannan ai ba aro ba ne, ƙwace ne."

"Bakinka ya faɗa, ranka ya daɗe, ba nawa ba. Tambayoyin da ka yi, su na yi wa dogaranka ranar da suka zo ɗaukar Nomau, amsoshin da na ba ka kuwa nasu ne."

Ta ƙara da cewa a wurinsu ko taɓarya ce, mai ita tana da ikon ta san amfanin da za a yi da ita, ta san ranar dawowarta, ta kuma ce a'a ba tare da an ɗaure ta ba. Sarki ya dubi Waziri, Waziri ya dubi ƙasa. Aka aika a zo da Nomau.

Da ya shigo, ba ta rungume shi ba. Sai ta yi abin da mace kan yi wa turminta in an dawo da shi, wato ta duba shi tun wanda ya ara bai bar wurin ba. Ta juya shi, ta shafa haƙarƙarinsa, ta ga gashin tsakar kansa ya zube saboda dakon ƙasa, ga tabon sara a ƙafa. Ta ce ba haka yake ba da aka ɗauke shi, kuma a ƙauyensu wadda ta tsaga turmin wata ba ta ajiye shi a zaure ta sulale, da kanta take shiga ta faɗa.

Sarki ya sauko daga gadonsa, ya tsaya gaban tsohuwar ya nemi afuwa. Ya sa a sallami samarin duka, kowanne da hatsi daga rumbun fada a madadin noman da ya wuce shi.

Bayan kaka sarki ya aika ƙauyuka neman hannu, aka faɗi aikin, aka faɗi ranar dawowa. Wasu suka zo, wasu suka ƙi. Ladingo na cikin waɗanda suka ƙi, ta ce ƙafar ɗanta ba ta warke ba. Waziri ya raɗa wa sarki cewa ga tawayen nan ya fito fili, a tura dogarai. Sarki ya juya zoben a yatsansa, ya ce, "Ƙyale ta, Waziri. Ranar da talaka ya ce wa sarki a'a, ya kuma kwana lafiya a ɗakinsa, ranar adalci ya shigo gari."