Mai Jirgin da Man Injinsa Yake Ƙaruwa

Akwai wani mutum mai jirgin fito a bakin babban kogi. Jirgin katako ne mai injin gas, shi ne yake ƙetarar da mutanen ƙauye zuwa kasuwar da ke wancan hayi. Mutumin nan ba rago ba ne. Kowace safiya kafin ya ta da inji yakan zaro sandar awon mai ya duba, ya kuma leƙa tankin ruwan da ke sanyaya injin.

Ana nan sai ya fara ganin abin mamaki. Baƙin man da ya kamata ya riƙa raguwa, ƙaruwa yake yi. Yau yana kan layi, jibi ya haura layi. Ruwan tanki kuwa sai raguwa yake yi, amma wannan bai dame shi ba. Ya cika, ya rufe.

Ran Lahadi, da aka zo lokacin ba da shaida, ya miƙe a tsakiyar majami'a ya ce, "Jama'ar Allah, ku taya ni murna! Sauran masu jirgi kullum suna sayen mai, nawa kuwa ƙaruwa yake yi. Ubangiji ne yake zuba mini da hannunsa." Mata suka rangaɗa guɗa, aka buga ganga, aka yi tafi. Ba wanda ya tambaye shi komai.

Yana da wa, sunansa Istifanus, makaniki ne. Yana zaune a bencin baya, bai yi tafi ba. Kashegari ya ɗauki akwatin kayan aikinsa ya gangara kwata.

Mai jirgin ya tarye shi da dariya. "Yaya, kai ma ka zo ganin abin al'ajabi ne?"

"Na zo ganin mai. Zaro mini sandar."

Istifanus ya shafa man a yatsa, ya ɗaga a hasken rana. "Wannan mai ne ko kunun gyaɗa?" Ya buɗe murfin da ake zuba mai, ga farin kumfa manne a ƙarƙashinsa. Ya ce, "Ruwan tanki fa?"

"Yana ɗan shan ruwa. Zafi ake yi."

"Ka taɓa ganin ya ɗiga a cikin jirgi?"

"A'a."

"To, ina yake zuwa?"



Istifanus bai yi gaggawa ba. Injin ya kwana bai yi aiki ba, ya kuwa san ruwa ya fi mai nauyi, ƙasa yake kwanciya. Sai ya tara kwano, ya sassauta notin da ke gindin injin. Abin da ya fara fitowa ruwa ne, mai ɗan kore-kore, launin maganin da ake zuba wa tanki. Ya ce, "Ka gani? Ba ruwan kogi ba ne ya shiga. Naka ne, wanda kake zubawa kowace safiya." Ya ɗaura famfo a bakin tankin, ya hura iska, ya tsaya yana kallon allurar ma'aunin iskar. Allurar ta yi ta sauka. Ya bi tiyo ɗaya bayan ɗaya da hannu, duk a bushe. Daga ramin notin kuwa ruwa na ɗiga.

Ya ce, "Ɓarakar tana ciki. Ko dai abin da ke sanyaya mai ya huje, ko gaskit ɗin da ke toshe tsakanin kan injin da jikinsa ya ƙone. Zan fara da mai sauƙin, in ba shi ba ne in ɗaga kan. Amma sai ka ɗaure jirgin. Man da ya sha ruwa ba ya hana ƙarfe cin ƙarfe."

Mai jirgin ya ce, "Yaya, a gaban ikilisiya duka na tsaya. Da wane baki zan koma in ce ruwa ne?"

"Da bakin da ka faɗa."

Sai mai jirgin ya husata. "Tun muna yara ba ka son ka ga nawa ya fi naka. Ɗaure mini notina ka tafi!"

Da yayan ya tafi, ya juye tsohon man, ya zuba sabo. Ya zaro sanda, ga mai garau kamar zuma. Ya ce a ransa, "Ai shi ke nan."

Ran kasuwa Istifanus ya tsaya a kwata yana roƙon mutane kada su shiga. Wata dattijuwa, Mama Tabita, wadda ta kawo buhunan shinkafar da ta noma, ta ce masa, "Haba Istifanus, ka ji kunya mana! Ƙanenka fa ne. Mu jirgi mai albarka za mu shiga." Aka bar sauran jiragen a tsaye, aka cika wannan har ruwa ya kusa taɓa bakinsa.

Suna tsakiyar kogi, inda ruwa ya fi ƙarfi, injin ya fara ƙwanƙwasa, ya yi ƙara, ya buga. Ruwa ya juya jirgin a kaikaice ya nufi duwatsu da shi, igiyar ruwa tana faɗawa ciki. Don kada ya nutse aka yi ta tura kaya cikin kogi, doya, manja, shinkafa, har da awaki. Masunta ne suka zo da kwale-kwale suka kwashe mutane. Ba a rasa rai ba, amma Mama Tabita ta zauna a kan yashi tana kallon inda noman shekararta ya nutse.

Lahadin da ta biyo, mai jirgin ya sake miƙewa a majami'a. Ya ce, "Ku taya ni da addu'a. Magabta sun ga albarkata, sun tasar mini." Aka ce, "Amin."

Ma'anar misalin nan kuwa, ga ta, ku saurara da kyau.

Injin shi ne zaman mutum, da sana'arsa, da gidansa. Man da ke ƙaruwa shi ne samu. Ba kowace ƙaruwa ce daga wurin Ubangiji take ba. Wani lokaci abu yana ƙaruwa a nan ne domin yana zurarewa daga can. Mai kula da ɗakin magani na asibiti, shagonsa na gida yana cika, kantocin asibiti suna zama wayam. Mai sayar da hatsi, buhunsa yana ƙara nauyi, mai saye yana tsintar tsakuwa a tuwo. Mai riƙon gonar marayu, rumbunsa ya ƙaru, marayun suna ramewa. Sa'an nan ya sa sabuwar riga ya zo nan ya ce Allah ne! Sunan Allah ya zama murfin da ake rufe ɓaraka da shi? Wannan ba shaida ba ce, saɓo ne.

Sabon man da ya zuba shi ne tuban da ba a yarda a buɗe ciki ba. A yi kuka ran Lahadi, a canza fuska, ramin yana nan yadda yake.

Amma abin da ya fi ƙona mini rai ba mai jirgin ba ne. Mu ne, masu tafi. Mun ji mai yana ƙaruwa, ba mu tambayi ruwa ba. Wanda ya tambaya muka kira shi mai hassada, domin muna son labarin ya zama gaskiya. Ɗan'uwan da ya zo da sufana ya fi ƙaunar mutumin nan fiye da dukan waɗanda suka yi masa guɗa.

Saboda haka, kowa ya koma gida ya dubi abin da ya ƙaru a hannunsa bana, ya tambayi kansa a gaban Allah, "Na wa ne ya ragu?" In ka san amsar, kada ka jira wata Lahadi. Ka je gidan mai shi yau, tun kafin ka ci abincin rana.