Gwangwanin Da Ya Ɓoye Hayaƙin Motar Dabara

Akwai wani direba, jama'a, wanda abokansa suka laƙaba wa suna Dabara, don shi a duniyarsa abu ba ya lalacewa. In fanka ta tsaya, sai ya tura ta da tsinke. In ƙofa ta ƙi rufuwa, sai ya cusa mata kwali ya ce ai ga shi ta gyaru.

Yana da wata ƙaramar bas da ta sha jiki. Duk safiya in ya tayar da ita, matar maƙwabcinsa sai ta fito a guje ta kwashe shanya, saboda shuɗin hayaƙin da ke turnuƙe layin.

Da abin ya ishe shi, ya kai ta wurin wani tsohon bakanike. Tsohon ya zura yatsa a bakin salansa, inda hayaƙin ke fita, ya fito da shi baƙi ƙirin, yana maiƙo.

"Ringin fistin ya cinye," in ji shi. "Baƙin mai take ƙonawa. Sai an sauke inji."

Dabara ya zaro wani gwangwani daga aljihu. "Haba Baba, ku komai sai a sauke inji! Ga maganin hayaƙi, an ce ana zubawa ake ganin aiki."

Tsohon ya karɓa ya jujjuya. "Wannan kauri kawai zai ƙara wa mai, ya rufe maka ɓarakar na ɗan lokaci. Ƙarfen da ya cinye ba ya tsirowa, ɗana."

Dabara ya yi dariya, ya je gida ya juye gwangwanin a inji. Abin kauri gare shi kamar zuma. Kashegari hayaƙi ya ɗauke. Sai dai shi direba ne, kunnensa na jin yadda injin ke nishi daga ƙasa. Nan ya yanke shawarar ya rabu da motar tun asirinta a rufe.

Labari ya kai kunnen ƙanwarsa, wadda suke ciki ɗaya. Ɗinki take yi, amma ciwon baya ya hana ta zama a kan keke. Ta riga ta koyi tuƙi, ta kuma samu iyaye da suka yarda ta riƙa kai musu yara makaranta tana dawo da su. Mota kawai ta rage mata. Ta sayar da kekunanta na ɗinki ta zo wurinsa.

Ta zagaya motar tana shafa ta, fuskarta cike da murna. Sannan ta ce, "Yaya, ba ta da wata matsala dai ko?"

Wallahi maganar ta zo masa har baki. Ya haɗiye ta. Da safen nan ma ya ƙara gwangwani biyu.

"Ke tayar da ita ki gani da idonki," ya ce.

Ta tayar, ta taka mai. Ko ɗigon hayaƙi babu.

Sati uku ta yi tana aiki. Hayaƙi ya dawo da kaɗan-kaɗan, mai yana ƙonewa ba ta sani ba. Ran nan da rana tsaka, ta ɗauko yara tara daga makaranta, injin ya buga a kan babban titi. Ta jera su a gefen hanya cikin zafin rana, ƙananan suna kuka, wayarta na ta ƙara. Kafin sati ya zagayo, iyayen duk sun janye 'ya'yansu sun ba wani.

Aka ja motar zuwa garejin tsohon nan. Da ya kwance ƙasan inji, abin da ya rage na mai ya zubo cikin tasa a dunƙule, da ƙyar yake motsi. Tsohon bai san ko ita wace ce ba, sai ya girgiza kai.

"Ai na san motar nan. Na gaya wa mai ita tun tuni a sauke injin, ya ce shi gwangwani zai zuba. Shi ya sayar miki?"

Ta kira yayanta a waya ta ce ya zo.

Dabara ya iso yana shirin jin ihu da zagi, har ya tanadi abin da zai ce. Ta nuna masa tasar man kawai, muryarta a sanyaye.

"Da ka ce min tana hayaƙi, da a haka zan saya, mu gyara tare. Tambayarka fa na yi."

A karo na farko a rayuwarsa, Dabara ya rasa dabara. Kunya ta rufe shi har ya kasa ɗaga kai.

Ya yi ƙoƙari, ba za a ce bai yi ba. Ya sa aka sauke injin, aka sa sabon ringi, aka canja duk abin da ya lalace, ya kai mata motar har ƙofar gida. Ta fito ta karɓi mukulli da hannu biyu.

"An gode, Malam," ta ce. "Allah ya saka."

Malam. Shekara ta zagayo yanzu, tana gaishe shi a duk inda suka haɗu, cikin ladabi. Amma bai sake jin kalmar Yaya daga bakinta ba.

Darasi: Abin da ake zuba wa tsohon inji yana iya ɓoye hayaƙi, amma ba ya mayar da ƙarfen da ya cinye. In ka san aibin abinka, ka faɗa, musamman ga wanda ya tambaye ka don ya yarda da kai. Ku tura wannan ga duk wanda kuka san yana shirin sayar da wani abu ga ɗan'uwansa.