Makiyayin da Ya Yarda da Duka

Akwai wani makiyayi a wata ƙasa inda ɓarayin dabbobi suka addabi kowa. Tumakinsa arba'in ne, ban da guda tara na wata gwauruwa maƙwabciyarsa, wadda ta damƙa masa su amana bayan rasuwar mijinta. Da su take ciyar da 'ya'yanta, ba ta da wani abu a duniya bayan su.

Saboda tsoron ɓarayi, mutumin nan ya nemo wani kwari a bayan duwatsu, mai ciyawa da ɗan idon ruwa. Ƙofarsa matsatsiya ce, da ƙyar jaki mai kaya yake wucewa. Ba wanda ya san wurin, ko matarsa. A kan dutse yake bi don kada sawu ya nuna, in zai tafi kuma sai ya toshe ƙofar da ƙaya. Kada ku ce wawa ne, jama'a. Mutumin nan ya fi yawancinmu hankali.

Wata ranar kasuwa ya hau jakinsa ya tafi sayo wa tumakin kanwa. A bakin kasuwa ya tarar an kafa sabuwar rumfa, ga inuwa, ga ruwan randa mai sanyi, ga labarin farashi da na inda aka ga ɓarayi, duk kyauta. Wani mutum mai fara'a yana tsaye a ƙofa da doguwar takarda. Tun kafin makiyayin ya sauka ya miƙa masa moɗa, ya sha.

Mai takardar ya ce, "Sannu da hanya, maigida. Mu nan muna kiyaye sirrin baƙonmu ƙwarai. Za mu rataya wa jakinka wasu 'yan ƙulle-ƙulle don mu riƙa gane ka. Ka yarda da duka, ko za ka zagaya baya a karanta maka ɗaya bayan ɗaya ka zaɓa?"

Makiyayin ya dubi takardar, ga ta har ƙasa. Ya waiga, ga mutane a bayansa suna jira cikin rana. Ga shi kuma ya riga ya sha ruwan mutum. Kun san halinmu. Wanda ya tare ka da ruwa, ya kira ka maigida, da wane ido za ka tsaya kana yi masa tambayoyi kamar ɓarawo? Kunya ta kama shi.

Ya ce, "To, na yarda."

"Da duka?"

"Da duka."

Ya dangwala babban yatsansa a takardar, ya shiga inuwa. Suka ɗaga akumarin jakin suka rataya abin da za su rataya. Ɗaya jan zare ne kawai, na gane baƙo, ba ya cutar kowa. Sauran kuwa na abokan hulɗar mai rumfar ne, waɗanda sunayensu suka cika ƙasan takardar. Kowane ƙulli garin farar ƙasa ne a ciki, da huda kamar ta allura.

Mako ya zagayo, ya koma. Tun daga nesa suka gane shi, suka shimfiɗa masa tabarma a inda yake so. Ya ji daɗi har ransa.

A hanyar komawa wani baƙo ya tare shi ya ce, "Kai ne ka tsaya wurin mai maganin tumaki wancan makon, ko? Ga nawa, ya fi kyau." Makiyayin ya yi mamaki, ya wuce. Bai yi nisa ba sai ga wani da takalma a kafaɗa, yana cewa, "Mai bin hanyar dutse kullum, ai irin wannan ne ya dace da ƙafarka."

Nan makiyayin ya ja jakinsa ya tsaya. Wa ya gaya wa wannan yana bin hanyar dutse? Ya sunkuya ya dubi ƙasa. Ga wani farin layi siriri kamar zare, ya kwanta a kan hanya, ya nufi duwatsu. Ya bar jakin nan ya sa gudu, yana bin layin, yana roƙon Allah layin ya ɓace a wani wuri. Bai ɓace ba. Duk kwanar da ya taɓa yi don ɓad da sawu, layin ya yi ta, har bakin kwarin.

An janye ƙayar gefe. Rana tsaka ce, wurin tsit, ko kukan ɗan rago babu. Kashin tumakin bai ma bushe ba, ga sawun takalman mutane da yawa. Wayyo! Ya yi ta kiran tumakin da irin kiran da suka sani, ba wadda ta amsa.

Ya koma rumfar ya cakumi rigar mai takarda. Mutumin ko gezau, fara'arsa tana nan. Ya ce, "Mu ba mu taɓa tunkiyarka ba. Abokan hulɗarmu ne suke karanta sawu, su ma suna ba nasu abokan. Hannun da labarin ya kai a ƙarshe, ni kaina ban sani ba. Sau biyu na tambaye ka, maigida. Ga yatsanka."

Abin da ya fi masa ciwo yana gaba. Ya je ya tsaya a ƙofar gwauruwar, ya faɗa mata duka, bai ɓoye kome ba. Ta dube shi ta ce, "Kai ka yarda, na ji. Ni wa ya tambaye ni?"

To, ga ma'anar wannan misali. Rumfar ita ce shafukan intanet da muke shiga a waya. Mai takarda shi ne ɗan akwatin nan da yake tare mu yana neman izinin ajiye abin da ake kira kukis. Wasu kukis jan zare ne kawai, shafin ba zai yi aiki sosai ba sai da su. Wasu kuwa ƙullin farar ƙasa ne, suna bin ka daga shafi zuwa shafi, suna tara labarin abin da ka duba, su kai wa mutanen da ba ka taɓa gani ba. Shi ya sa yau ka nemi maganin wata cuta, gobe tallarsa ta bi ka ko'ina.

Ni mai yi muku wannan magana na danna yarda da duka ya fi a ƙirga, don ina sauri. Da na zauna na tuna abin da na nema da wayar nan, tsoro ya kama ni ƙwarai. Ranar da Mama Damaris, wata 'yar'uwa a cikinmu, ta gaya mini ciwon 'yarta don in yi addu'a, a wayar nan na bincika ciwon da asibitinsa, alhali ta roƙe ni kada kowa ya ji. Ta ba ni izini in faɗa muku wannan yau. Izinin bincika ciwon a waya kuwa ban nema ba.

Saboda haka ku zagaya baya, ƙaunatattu. Ku danna wurin zaɓi, ku bar na dole, ku ƙi sauran. Akwatin ba surukinku ba ne, babu kunya tsakaninku da shi. In shafin ya ce sai duka ko babu, ku tambayi kanku ko ƙishin ya kai haka.

Ubangiji zai tambaye mu amanar da aka ba mu, har da sirrin matanmu da 'ya'yanmu da na waɗanda suka zo mana da kuka. Kowa ya ɗaga babban yatsansa ya dube shi. Kafin ka dangwala shi a wayarka, ka tuna tumaki tara a cikin garken nan ba naka ba ne.