Ruwan da Makanike Ya Zuba a Tankin Ƙanensa

An yi wani mutum makanike, gwanin ƙananan injina. Janareta, injin markaɗe, injin ban-ruwa, duk wanda aka kawo masa, kafin mai shi ya gama bayani ya riga ya gane ciwon. Idan inji ya yi tari ya mutu, zai ce mai ne ba ya isa. Idan ya yi baƙin hayaƙi, zai ce hanyar iska ce ta toshe. Allah ya ba shi wannan baiwa, ya ba shi rumfa a bakin titi, ya ba shi mata da 'ya'ya. Mahaifiyarsa kuma tana raye tana sa masa albarka.

Yana da ƙane guda, uwa ɗaya uba ɗaya. Ƙanen noman rani yake yi a bakin rafi. Ya daɗe yana jan ruwa da guga, har Allah ya hore masa ya sayi injin ban-ruwa sabo fil. Lambu ya yi kyau, tumatir da albasa suka cika kwanduna, mutane suka koma kiransa Mai Lambu. Duk abin da ya tsinka, sai ya fara kai wa Inna, sannan ya aika gidan yayansa.

Wata rana wani baƙo ya tsaya da janareta a bakin rumfa, ya ce, "Nan ne wurin yayan Mai Lambu?"

Makanike ya amsa, ya yi gyaran, amma maganar ta zauna masa a ƙirji. Shi da ake kwatance da shi, yau da ƙanensa ake kwatanta shi? Da ya je gaida Inna ya ji tana yi wa ƙanen addu'a, sai ya ji kamar tasa addu'ar aka ɗiba aka ba wani.

Ya 'yan uwa, me aka rage masa? Rumfarsa tana nan. Hannunsa yana nan. Amma hassada ba ta duban abin da ke hannunka, na hannun ɗan'uwanka kawai take gani.

Wata rana da tsakar rana makanike ya bi ta lambun. Ƙanen ya tafi gida hutawa. Injin yana cikin 'yar bukkar ciyawa, jarkar fetur a gefensa. Makanike ya ɗauki butar da ke ƙofar bukka, ya buɗe tanki, ya tsiyaya ruwa, ya mayar da murfi. Zuciyarsa tana ce masa, ai ba ɓata injin ka yi ba. Zai zo ya same ka, ka gyara masa a gaban jama'a, a san wane ne babba.

Ya san abin da ya aikata sarai. Ruwa ya fi fetur nauyi. Ƙasan tanki yake sauka, ya bi tiyo, ya taru a ɗan kofin da ke ƙarƙashin kafireto, inda inji ke shan mai. Gyaransa ba wuya. Noti ɗaya ake kwancewa a gindin kofin, a tsiyaye, a juye tanki, a zuba mai mai kyau.

Kashegari ƙanen ya zo rumfa, gumi ya jiƙe masa riga. Ya ce, "Yaya, injin nan ya tashi ya yi tari ya mutu. Na ja igiya har kafaɗata ta sage. Ga tumatir yana fure."

Suka tafi tare. Makanike ya durƙusa a gaban injin, ƙanen ya tsuguna kusa da shi yana miƙa masa sifana. Makanike ya kwance fulogi, ya goge, ya kara shi jikin ƙarfe, aka ja igiya, wuta ta bayar. Ya ciro soson tace iska, ya kakkaɓe. Ya rufe cok, wato abin rage iska, ya buɗe cok. Ya duba makunnin mai. Duk inda hannunsa ya bi, notin nan na gindin kofi yana kallonsa. Sau ɗaya yatsansa ya taɓa shi, ya ji sanyin ƙarfen, ya janye.

Ƙanen ya ce, "Ko mai ne, Yaya?"

Ya ce, "Kai ne makaniken ko ni?"

Ƙanen ya sunkuyar da kai.

Don ya nuna yana ƙoƙari, sai makanike ya ɗiga fetur kaɗan a murfin kwalba, ya zuba a bakin kafireto, ya ja igiya. Inji ya ɗauka da ƙara, fuskar ƙanen ta washe, ruwa ya fara motsi a cikin tiyon ban-ruwa. Sai ƙarar ta shaƙe, ta mutu. Makanike ya miƙe yana goge hannu, ya ce akwai abin da sai ya nemo a kasuwa, a ɗan yi haƙuri.

A nan, ya 'yan uwa, ƙofa a buɗe take. Da ya juyo daga bakin bukka ya ce bari in sake duba wani abu, da magana ta ƙare, babu wanda zai taɓa sani sai Mahaliccinsa. Amma ya ga ƙanensa yana binsa da ido irin na mai buƙata, sai abin ya yi masa daɗi. Ya ce a ransa, gobe.

Gobe ta zo, ya sake cewa gobe. Rana tana dukan lambu. Ganye ya fara lanƙwasa, fure ya fara zuba. Ƙanen ya koma jan guga, amma lambun ya riga ya fi ƙarfin guga. Inna ta aiko, "Ka taimaki ɗan'uwanka, don Allah." Ya ce yana kai. Abinci ya daina shigar masa. Idan ya tayar da salla, ƙarar tarin injin nan yake ji. Duk da haka ƙafarsa ba ta kai shi lambu ba.

Ranar da ya yanke shawarar zuwa, ya haɗa kayan aikinsa da hantsi, sai ga wani mai injin markaɗe. Ya ce bari in sallami wannan tukuna. Yana cikin kwance injin ya ji mutane suna gudu, ya ɗaga kai, ya hangi baƙin hayaƙi ta wajen rafi.

Ƙanen ne ya gaji da jira. Ya tuna abin da ya ga yayansa ya yi, ya ce bari ya gwada. Shi bai san kaɗan ake ɗigawa ba. Ya tuttula fetur a bakin kafireto, ya bar jarka a buɗe kusa da ƙafarsa, ya ja igiya. Inji ya yi tari, ya tofo wuta ta baya. Wuta ta kama hannunsa, ta kama jarka, ta kama ciyawar bukka. Wani dattijo maƙwabcinsa a lambu shi ya jawo shi waje, ya birgima shi cikin laka.

A asibiti makanike ya tarar da ƙanensa naɗe da farin ƙyalle, hannuwa da fuska. Inna tana zaune a ƙasa kusa da gado. Likita ya ce zai rayu, amma ido ɗaya ya tafi, yatsun dama kuma ba za su sake miƙewa ba.

Bayan 'yan kwanaki dattijon nan ya zo dubiya. Ya ce surukinsa ya buɗe abin da ya rage na injin, ya sami ruwa cike da kofin kafireto. Ya juyo wajen makanike, ba da wata manufa ba, ya ce, "Kai da na gani da buta a bukkar ran nan da rana, ba ka lura ko murfin tankin a buɗe yake ba?"

Makanike ya ce ai ruwan kashe gobara ne ya shiga. Ba a tuhume shi ba, amma ya fara rantsuwa. Ya rantse da Allah, ya sake rantsewa.

Sai ƙanen ya yi magana daga cikin ƙyalle, a hankali. "Yaya, ranar da na sayo injin nan kai ka ce mini, duk randa ya yi tari, notin ƙasa ake fara kwancewa. Na ga ka taɓa komai ban da shi. Na ce a raina, Yaya ya fi ni sani."

Inna ba ta yi kuka ba, ba ta yi masa baki ba. Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa, sannan ta juya ta gyara wa ƙanen mayafi.

Labari ya bazu. Wa zai miƙa injinsa ga wanda ya yi wa ɗan'uwansa na ciki ɗaya haka? Masu kaya suka zo suka kwashe nasu, wasu ko sallama ba su yi ba. Matarsa ta ɗauki yara ta koma gidansu. Hannun da ke kwance kafireto ido a rufe ya daina taɓa inji. Rumfa ta zama wurin kwanan awaki. Idan ya je gaida Inna, sai ta amsa sallama don hakkin sallama, ta mayar da fuska bango. Da ajalinta ya zo, a bakin mutanen titi ya ji, bayan an dawo daga maƙabarta.

Ya 'yan uwa, mutumin nan bai yi niyyar ƙona kowa ba. Kowane mai hassada haka yake faɗa wa kansa: ɗan kaɗan ne, zan gyara gobe. Wa ya ba ka tabbacin gobe? Wa ya ce maka sharrin da ka saki zai tsaya inda ka so? Kai da aka ba sana'a, amana aka ba ka. Wanda ya tsuguna kusa da kai yana miƙa maka sifana, ya ba ka yardarsa ne gaba ɗaya, kuma za a tambaye ka ita.

Ƙofar tuba ba ta rufe ba, amma hakkin bawa sai bawa ya yafe, kuma wanda ya shiga kabari ba ya jin ban-haƙuri. Duk wanda ya san akwai abin da ya ɓata wa ɗan'uwansa a ɓoye, ya tashi daga nan ya je ya gyara tun ana ganin juna.

Allah ya wanke zukatanmu daga ƙyashin abin da ya ba waninmu. Allah ya sa iyayenmu su bar duniya suna masu yarda da mu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye 'yan uwanmu daga sharrin hannuwanmu. Amin.